Kafin Ka Sa Hannu A Takardar Bashi, Ka San Kalmomin Da Ke Ciki

Jama'a, akwai wata matsala wadda duk mai kawo kaya daga Arewa zuwa Kurmi ya san ta. Ka sayi kaya da tsabar kuɗi, ka biya 'yan dako, ka biya mota, ka biya abin da akan biya a hanya, sa'an nan ka sauke wa wani babban kamfani ko otal a Ikko, sai a miƙo maka takarda a ce ka dawo bayan wata biyu. Kuɗinka suna nan, ba wanda ya musa, amma ba su a aljihunka, ga shi kuwa kasuwa ba ta jiran kowa.

Da wannan matsala ɗan ƙanwata ya same ni a Agege watannin baya. A Gangare ta Jos aka haife mu ni da shi, a gida guda, gidan da kakanmu ya gina zamanin da haƙar kuza ke jawo mutane daga ko'ina. Sana'ar yaron ita ce sayen dankalin Turawa a Bokkos da Mangu, ya yi lodi ya kawo Mile 12. Da Allah ya buɗa masa sai ya sami wani otal mai karɓar kaya a hannunsa kai tsaye, da farashi mai kyau, amma biya sai bayan kwana 60. Yana bin su Naira miliyan 5, ga kaya sun faɗi a gona, ba shi da abin saye. Sai wani kamfanin ba da kuɗi ya ce zai ba shi kuɗin nan take.

Ya ajiye mini takarda mai shafi 14, duk da Turanci, ya ce, "Kawu, ba rance ba ne, bashin za su saya. Hannu kawai za ka sa. Sai kuma takardun gida da suka ce a kawo su ajiye."

Da na ji an ambaci gida sai na ce a dakata. Muka ɗauki takardar muka kai wa lauya, ya bi mana ita layi layi har la'asar. Abin da na tsinta a zaman nan shi nake so in shimfiɗa muku, domin na tabbata akwai irin wannan takarda a aljihun wasu masu karatu yau.

SAYAR DA BASHI

Takardar da mai kaya ke rubuta wa mai saye, wadda ta nuna irin kaya da yawansu da kuɗinsu da ranar biya, ita ake kira inbois. Ta sha bamban da rasit, domin rasit shaidar an biya ce, inbois kuwa shaidar ana binka ce. Sayar da wannan bashi ga wani kamfani kafin ranar biya ta zo, shi Bature ke kira faktorin. Mutum uku ke ciki: mai kaya, da wanda ya karɓi kaya, da kamfanin da ya sayi bashin.

Ga yadda lissafin takardar yaron ya kasance. Daga cikin miliyan 5 za su ba shi kashi 80 cikin ɗari a hannu, watau miliyan 4. Sauran miliyan 1 za su riƙe sai otal ya biya. A kan miliyan 4 ɗin za su ɗauki kashi 4 cikin ɗari kowane wata, watau Naira 160,000, wata biyu ya kama 320,000. Akwai kuma ladan aiki kashi 1 cikin ɗari na dukan inbois, 50,000. In otal ya biya kan lokaci, za a mayar masa da 630,000 daga abin da aka riƙe, ya tashi ya bar musu 370,000. In kuwa otal ya ja har wata huɗu, abin da zai bari ya kai 690,000.

A nan kalma ta fari take wadda ya kamata a tsaya a kanta: a wata, ko kuwa a shekara? Yaron ya ji kashi 4 ya ce ai da sauƙi. Kashi 4 a wata kuwa kashi 48 ne a shekara. Ɗan baƙi guda biyu ne a takarda ke raba su, kuma da ƙananan rubutu ake sa shi.

Kada wani ya ɗauka wannan sana'a baƙuwa ce gare mu. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Badun a 1962 da 1963, littafinsa ya fito a 1969, kuma abin da ya tarar a zangon shanu shi ne wanda dattawanmu suka sani: falke ya kawo shanu daga Arewa, dillalan maigida su sayar wa mahauta bashi, maigida ya tsaya lamuni, in mahauci ya gudu ko ya karye maigida ne zai biya baƙonsa. A Ingila da Amurka ma haka abin ya faro, daga wakilan masu sayar da yadi waɗanda ke karɓar kaya, su ba mai kaya wani abu a hannu, su kuma ɗauki nauyin wanda suka sayar wa. Har yarjejeniyar duniya aka ƙulla a kansa a birnin Ottawa na Kanada a 1988, don cinikin da ya ƙetare iyakar ƙasa, kuma da ta fara aiki ran 1 ga Mayu 1995 Nijeriya tana cikin ƙasashe uku na fari, tare da Faransa da Italiya. Amma in ka zaga Mile 12 kana tambayar wanda ya taɓa jin labarinta, za ka sha yawo.

Bambancin maigida da kamfani shi ne wannan. Maigida ya san mahaucin, ya san gidansa, ya san ranar da ya yi asara, kuma yana tsoron a ce a Kano ko Nguru cewa kuɗin baƙo sun nutse a gidansa. Kamfani bai san kowa ba, takarda ya sani. Saboda haka duk abin da a da kunya da mutunci ke tsarewa, yanzu kalma ce ke tsare shi, ko kuwa ta bar shi a buɗe.

WA ZAI ƊAUKI ASARA?

Kalmar da ta fi kowace nauyi a takardar ita ce rikos. Da lauya ya faɗe ta sai yaron ya yi dariya, domin a kunnen ɗan Jos ta yi kama da sunan unguwar Rikkos, maƙwabtanmu. Dariyar ba ta daɗe ba. Ma'anarta dawowa, watau ikon kamfani ya dawo kan mai kaya in wanda ake bi bai biya ba. In takarda ta ce da rikos ne, to, sunan saye ne kawai, asara tana wuyanka. Ta yaron ta ce in kwana 90 suka cika otal bai biya ba, dole ya sake sayen bashinsa, watau ya mayar da miliyan 4 ɗin duka da abin da ya hau kansu, ko da kuwa ya riga ya zuba kuɗin a wani lodin da ke kan hanya.

In ta ce babu rikos, kamfani ne ya ɗauki asara, kuma kuɗinsa sun fi tsada. Amma ko nan ma tsugune ba ta ƙare ba. Abin da kamfani ke ɗauka shi ne karyewar mai saye, watau ya tsiyace ya kasa biya. Ba ya ɗaukar gardama a kan kaya. In otal ya ce buhu kaza ya ruɓe, ko nauyi bai cika ba, ko an kawo a makare, wannan tsakaninka da shi ne, kuma duk abin da ya zaftare daga kuɗinka za a cire. Wanda ke sayar da siminti ko bokitin roba yana iya yin sakaci da wannan sharaɗi. Mai dankali da tumatir da albasa da kabeji, wanda kayansa ke kwana biyu ko uku a bayan mota daga Filato zuwa Ikko, ba shi da wannan dama. Maganinsa ɗaya ne: ranar sauke kaya a duba su a gabanka, wanda ya karɓa ya rubuta cewa ya karɓa lafiya, ya sa hannu ya buga hatimi a takardar rakiyar kaya, wadda direbobi ke kira webil. Kalmar baki ta magajin sito ba ta tsayawa a kotu in shi kansa ya bar aiki.

Sai kuma notis. Da an sayar da bashi akan rubuta wa wanda ake bi cewa daga yau kamfani zai biya. Daga ranar da takardar nan ta isa gare shi, kai ba ka da sauran ikon karɓa. In akawunsu ya yi kuskure ya tura maka kuɗin, amana ce a hannunka, sai ka miƙa. Wanda ya ce bari in juya su mako guda, ko wanda ya sayar da inbois ɗaya wa kamfani biyu, maganarsa ta tashi daga bashi ta koma zamba.

JINGINAR DA BA A KARƁA A HANNU

Mu jinginar da muka gada ita ce wadda ake miƙawa: keke, ko keken ɗinki, ko sarƙar zinariya, ko gona. A fiƙihun Malikiyya ma jingina ba ta cika sai ta shiga hannun mai bin bashi ko wani amintacce da aka yarda da shi, kuma ayar da ta ambace ta, ta 283 a Suratul Baƙara, tana biye da ayar rubuta bashi, wadda ta fi kowace aya tsawo. Hikimar a fili take. Abin da ke hannun wani ba ka iya sake jinginar da shi ga na biyu.

Ta zamani kuwa kayan suna nan a hannunka kana aiki da su, rajista ce ta maye gurbin hannu. Babban Bankin Nijeriya ya buɗe rajistar jinginar kayan da ake iya ɗauka a 2016, aka sa wa dokarta hannu a watan Mayu 2017. Ƙarƙashin wannan doka mutum na iya jinginar da mota, da injin niƙa, da dabbobi, da amfanin gona, da kayan da ke cikin shago, har da bashin da yake bin wasu. Mai ba da kuɗi ne ke shigar da sanarwa ta intanet, da yardar mai kaya. In mutum biyu suka yi iƙirarin abu guda, wanda ya riga shiga rajista shi ke gaba. Wannan doka ta yi wa talaka amfani, domin a da banki ba ya sauraron wanda ba shi da fili ko gida.

Abu biyu ne za a kula da su. Na fari, a duba yadda aka siffanta kayan. Akwai tazara mai nisa tsakanin mota ɗaya mai lamba kaza, da dukan abin da ka mallaka yanzu da wanda za ka mallaka nan gaba. Na biyu, in ka gama biya ka nemi a soke sanarwar, ka kuma tabbatar an soke, don kada ranar da za ka sayar da motar a ce har yanzu tana wuyan wani. Mai sayen tsohuwar mota ko inji shi ma yana iya bincikawa kafin ya biya.

Masu kamfanin da aka yi wa rajista za su gamu da wata kalmar, dibenca. Ita jingina iri biyu take ɗauke da su: kafaffiya, a kan abu sananne wanda ba ka da ikon sayarwa, da mai shawagi, wadda ke bisa kayan shago suna shiga suna fita, sai ranar da aka kasa biya ta sauka a kan duk abin da ta tarar. Ranar nan ce ake naɗa risiba, mutumin da zai karɓi mabuɗin shagonka.

Kuma kada a manta, halakar jingina ba ta kashe bashi. Mutanen Jos ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Da Babbar Kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairu 2002, kaya ne suka zama toka, littattafan masu bin bashi suna nan lafiya. Shi ya sa takardun nan ke tilasta inshora, da kuɗinka, amma da sunan mai ba da bashi a matsayin wanda za a fara biya.

GIDAN GADO

Yanzu mu zo kan takardun gida da aka ce a kawo a ajiye kawai. Lauya ya ce babu wani abu wai shi ajiya kawai. Miƙa takardun gida ga mai ba da bashi da nufin su tsaya a madadin kuɗinsa, wannan kansa jingina ce a idon kotu, ko da ba a rubuta doguwar yarjejeniya ba. Irin wannan sai mai bin bashi ya je kotu kafin a sayar. Cikakkiyar jinginar gida kuwa, wadda ake kira mogej, aka rubuta aka buga hatimi aka yi mata rajista, tana ba banki ikon yin gwanjon gida ba tare da ya nemi izinin alƙali ba, muddin sharuɗɗan da ke ciki sun cika. Cikin takardun yaron akwai shafin da ya yi alkawarin sa hannu a cikakkiyar duk ranar da aka nema.

Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a watan Maris 1978, filin birni yana hannun Gwamna ne bisa amana, abin da mutum ke da shi hakkin zama ne, kuma jinginar da shi sai da yardar Gwamna. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba tare da wannan yarda ba. Wasu sukan ji wannan labari su ɗauka ƙofar gudu ce. Ko an rushe jingina, bashin yana nan, kuma shekarun da za a yi ana shari'a kuɗin ruwa ba ya barci.

In an sayar da gida, abin da ya yi saura bayan bashi da kuɗin ɗawainiya na mai gida ne. Nan doka ta dace da fiƙihu, wanda bai yarda jingina ta zama ta mai bin bashi haka kawai don wa'adi ya wuce ba. In kuwa kuɗin gwanjo ba su kai ba, ragowar tana wuyanka. Gida ya tafi, bashi ya saura.

Namu gidan ma ba na yaron ba ne, ba nawa ba ne. Gado ne da ba a raba ba, magada sun fi 20, akwai zawarawa biyu da marayu a ciki, ga Hajiya mahaifiyarmu a ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Gidaje da yawa a Gangare haka suke. Magaji ɗaya ba shi da ikon jinginar da rabon sauran, amma kafin kotu ta faɗi haka an riga an liƙa takarda a ƙofar zaure, an kuma ɓata zumuncin da ba a gyarawa da hukunci.

HANNU KAWAI

Saura ni, garanto. Mu a wurinmu tsayawa mutum shaida ce ta cewa ɗan mutunci ne. A takarda kuwa garanto mai biya ne. Tawa ta ce ana iya bin mu tare, ana kuma iya bin kowannenmu shi kaɗai a kan dukan kuɗin, ba sai an fara gajiya da yaron ba. Ta ce lamunin mai ci gaba ne, watau ya haɗa da duk inbois ɗin da zai sayar musu nan gaba, waɗanda ba zan ma ji labarinsu ba. Ba ta sa iyakar kuɗi ba, ba ta sa ranar ƙarewa ba. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, amma ni ko ladan ban ci ba.

A haɗa wannan da abin da ya canja a bankuna. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, duk asusun mutum an ɗaure su da igiya guda. Daga 1 ga Agusta 2020 kuma Babban Banki ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba bankin da ke bin mutum bashi damar ɗiban kuɗinsa daga asusunsa na wasu bankuna, bisa izinin da ya sa wa hannu ranar karɓar rance. Zamanin da mutum zai ci bashi a Jos ya sauya banki a Ikko ya wuce.

Da muka fito daga wurin lauya muka biya wurin malaminmu na Agege, domin akwai tambayar da lauya ba ya amsawa. Malam ya ce mayar da bashi daga wuyan wani zuwa wuyan wani, abin da ake kira hawala, halal ne in kuɗin daidai suke. Amma ka karɓi kuɗi kaɗan yau a madadin kuɗi masu yawa gobe, jumhurun malamai riba suka ɗauke shi, ko da an sa masa sunan ciniki. Ya ce tun da akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, yaron ya nemi murabaha, watau banki ya sayi kayan ya sayar masa da riba sananniya zuwa wa'adi. Ya kuma ja kunnenmu cewa can ma akwai jingina, akwai garanto, akwai gwanjo, don haka mu karanta tasu takardar kamar yadda muka karanta wannan.

Yaron bai ji daɗi ba, domin abin ya ɗauki makonni, har farashin dankali ya ɗan tashi, ya kuma faɗa mini a fuska cewa na sa ya yi asarar kasuwa. Gaskiyarsa ne, ya yi. Daga baya ya sami kuɗin lodi ɗaya, ya jinginar da ƙaramar motarsa ta ɗaukar kaya, ni kuma na tsaya masa a kan wannan ciniki kaɗai, da iyakar kuɗi a rubuce da ranar da lamunina zai faɗi.

Otal ɗin ya biya a kwana na 104, bayan ya cire kuɗin buhu 30 da ya ce sun ruɓe. Wa'adin takardar da muka ƙi kwana 90 ne. Takardun gida kuwa ba su bar Gangare ba, suna cikin adakar Hajiya, ƙarƙashin zannuwanta na Sallah, kuma har yau ba wanda ya gaya mata an taɓa neman su.